Surukina Mai Tarazo

Ran Talata da hantsi Baba ya huta, ana ɗan yayyafi. Kafin ƙarfe biyu gidan ya cika, har sai da aka aro bencina daga majami'a.

Shugabar zumuntar mata ce ta fara isowa. Ba ta sa kuka tun daga ƙofa ba kamar yadda aka saba. Ta cire takalmi, ta shiga falo, ta tsaya tana kallon daɓen tarazon da Baba ya yi da hannunsa tun kafin a haifi mijina. Ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa in mun kankare daɓen majami'a da yashi?" Sai a nan kukan ya ƙwace mata.

Ma'aikatan shago su huɗu suka zo tare, ƙafafun wandunansu a jiƙe. Babbansu, wanda ya yi shekara talatin tare da Baba, ya wuce ƙarƙashin mangwaro ya zauna har yamma. Ɗan Ibo mai sayar da tayil a bakin kasuwa ya riƙe hannun mijina ya ce tun da ya zo Kafanchan bai taɓa rufe shago a ranar aiki ba sai yau. Can wajen ƙarfe huɗu wani dattijon Bafulatani ya sauka daga kan babur da sandarsa. Ya durƙusa gaban Mama, surukata, ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma a yi mini ta'aziyya, abokina ne tun ba mu da furfura." Matan da ke zaune suka matsa suka ba shi wuri.

Ni surukarsa ce, matar ɗansa na fari, malamar firamare. Don haka ni aka ba aikin rubuta tarihinsa a takardar jana'iza, aka ce kada ya wuce shafi ɗaya. Na rubuta inda aka haife shi, da shekarar da ya yi baftisma, da yawan 'ya'ya da jikoki. Da fasto ya karanta a majami'a, sai na ji kamar labarin wani ne daban. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don jikokinsa su san wane ne kakansu.

Da yarenmu Baba ya tashi, a kasuwa da majami'a ya koyi Hausa, kuma Hausarsa ba ta da mace. Kowa "kai" ne a wurinsa, har Mama. Ita ta girma a kwatas ɗin reluwe, Hausarta tsaf, ta yi shekara hamsin tana gyara masa bai gyaru ba. Ni kuwa Amarya yake kirana, har bayan da 'yata ta fari ta shiga jami'a.

Watanni kaɗan da aurenmu mijina ya ce za a yi mini kanta a kicin, wato teburin girki da ake kafawa a jikin bango. Baba ya zo da tef ɗinsa da fensir a bayan kunne. Bai kalli bango ba, ni ya kalla.

"Amarya, zo ka tsaya nan. Ɗauki wuƙa. Yi kamar kana yanka albasa."

Kunya ta kama ni, amma na yi. Ni gajera ce, kowa ya sani. Ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna, ya rubuta a jikin bango.

Mijina ya ce, "Baba, ai akwai tsayin da ake yi wa kowa."

Baba ya ce, "Kowa ne zai dafa maka tuwo?"

Kantar nan tana nan har yau. Ƙannen mijina dogaye suna tsokanata in sun zo, wai kicin ɗin 'yan makaranta ne. Ni dai ban taɓa ciwon kafaɗa a kanta ba.

Da tarazo ya fara sana'a. A kwaɓa siminti da tsakuwa mai launi, a daɓe, a bari ya bushe, sannan a bi shi da injin goge da ruwa har ya yi sheƙi. Daga Zonkwa zuwa Gwantu, da wuya ka shiga tsohuwar majami'a ko ɗakin taro na makaranta ba ka taka aikinsa ba. Da tayil ya shigo, mutane suka daina neman tarazo. Abokan aikinsa wasu suka koma noman citta, wasu suka zauna gida suna zagin zamani. Shi kuwa, yana dab da shekara sittin, ya ɗauki jakarsa ya tafi wajen Mararaban Rido, ya yi wata uku a wurin wani mai yanka dutsen giranayit wanda bai kai ɗansa shekaru ba. Ya dawo yana ba da labari yana dariya, wai har shara ya yi musu. Daga nan shagonsa ya koma yin kantar kicin, da saman tebur, da matakala.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu kunya. Duk gidan da ya shiga, da ya gama gaisuwa sai ka ga tafin hannunsa yana yawo a kan tebur ko gefen taga. Wata rana mun je biki Samaru Kataf, ya ce zai wanke hannu, aka kai shi kicin. Shiru bai fito ba. Da na leƙa, na same shi da maigidan, ya zuba ruwa a kan kanta yana nuna masa yadda yake gangarawa bango maimakon wurin wanke-wanke.

"Ka gani? Shekara biyu, katakon ƙasa ya ruɓe. Wa ya yi maka wannan?"

Na ce, "Baba, biki muka zo."

Ya ce, "Na sani, Amarya. Jibi zan dawo."

Ya kuwa koma, ya ɗaga kantar ya gyara mata zama, ya ci tuwon acha ya dawo gida.

Idan aka huda dutse don a sa kwanon wanke-wanke, akwai guntun da ke fita daga tsakiya, mai faɗin tire. Yawancin masu sana'ar jefar da shi suke yi a bayan shago. Baba ba ya yarda. Ran Asabar da yamma sai ya zauna ya goge gefunan har su daina yanka hannu, ya jingine su a bakin ƙofa. Duk macen da ta zo wucewa ta tsaya kallo, sai ya ce, "Ɗauka, amma ka zo da mai taya ka, yana da nauyi." Mai ƙosan bakin tasha tana da ɗaya. Matan da ke yanka kifi a kasuwa suna da su. Matar dattijon Bafulatanin nan a kan irinsa take cura man shanu, ta ce sanyin dutsen ba ya barinsa ya narke.

Abotarsa da wannan dattijo ta samo asali ne tun zamanin tarazo. Baba yana yawo a gindin duwatsun Kagoro yana neman tsakuwa mai ja, shi kuma yana kiwo a wurin, ya kai shi wani rafi da babu wanda ya san da shi sai masu shanu. Da aka shiga shekarun da gari ya rikice, mutane suka koma tsoron juna, Baba bai daina zuwa rugar ba. Wasu dattawan ikilisiya suka same shi suka ce mutane suna magana. Ya saurare su har suka gama, ya ce, "Ni ban san abin da wasu suka yi ba. Na san wanda ya nuna mini rafi." Ba su sake tayar da zancen ba.

Ba zan ɓoye rigimarsa da mijina ba, don a cikinta na fi sanin ko shi wane ne.

Da ƙarfinsa ya fara raguwa, ya miƙa wa mijina shagon. Mijina ne ya fara kawo dutsen da ake kira kwaz daga Abuja. Ba a fasa shi daga jikin dutse kamar giranayit. A kamfani ake niƙa dutse, a haɗa da gam da launi, a matse shi ya fito fari fat, ko da ɗigo-ɗigo, duk yadda mutum yake so. Baba ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya ce, "Wannan dutse ne ko biskit?"

Ya ɗauki guntu biyu ya kawo gida, ɗaya kwaz, ɗaya giranayit mai haske, ya ajiye a tsakar gida. Mako guda yana gwada su. Ya zuba musu manja, da zoɓo, da ruwan lemun tsami. Giranayit ya sha manjan ya bar tabo, kwaz kuwa da tsumma ɗaya ya fita. Ran ƙarshe ya sa Mama ta sauke tukunya daga wuta ta ɗora a kan kowanne. Giranayit ko a jikinsa. Kwaz ya yi zobe ruwan ɗorawa wanda ba ya goguwa.

Washegari ya je shago ya faɗa gaban kowa, "Ya ci ni a manja, na ci shi a wuta. Ku sayar da shi, abu ne mai kyau. Amma ku gaya wa mata gaskiya." Ya rataye guntun mai zobe a bango inda duk mai saye zai gani. Mijina ya sauke shi sau biyu, sau biyu Baba yana mayarwa. Wannan ba ta kai faɗa ba, dariya ma muke yi.

Faɗan ya zo ne dab da Kirsimeti. Wani mai gidan saukar baƙi a Gwantu ya ba da babban aiki, kicin guda da tebura goma, duk na kwaz, kuma yana so kafin bikin buɗewa. Aiki mafi girma ke nan da mijina ya samu tun da ya karɓi shagon. Sai famfon rijiyar shagon ya lalace. Ka'idar Baba ita ce a yanka dutse ana zuba masa ruwa da tiyo, don ƙurar ta kwanta. Mijina ya duba kwanakin da suka rage, ya ce wa ma'aikata su yanka a bushe, na kwana uku kawai.

A kwana na biyu Baba ya biya ta shagon. Babban ma'aikacin ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce wurin ya yi fari kamar injin niƙa, girarsu da gashin hancinsu duk sun yi fari, kowa ya ɗaure hankici a fuska. Baba ya wuce ya kashe janareta, ya kwance fayafayan yanka daga injuna ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a jakarsa, ya ce musu, "Ku je ku yi wanka, ku tafi gida." Ya hau babur ya tafi.

Da rana tsaka mijina ya shigo gidan Baba, ina nan ina taya Mama tsince wake. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ran nan.

"Baba, ka kunyata ni gaban ma'aikatana. Ka ba ni shagon nan ko ba ka ba ni ba?"

"Na ba ka shago. Ban ba ka huhun mutane ba."

"Kwana uku ne kawai!"

"Babban ma'aikacinka yana da 'ya'ya biyar. Ka je ka gaya wa matarsa kwana uku ne kawai."

"In aikin nan ya kuɓuce, sunana ya ɓaci a garin nan."

"Ya ɓaci. Za ka wanke shi. Ka gyara famfo, ka zo ka karɓi kayanka."

Mijina bai je ya karɓa ba. Ya gyara famfon, ya sayo wasu fayafayan, amma lokaci ya riga ya ƙure. Mai gidan baƙin ya karɓi kicin ɗin, ya kai aikin teburan Kaduna, kuma ya faɗi maganganu a kan shagonmu da suka daɗe suna yawo. Wata biyar uba da ɗa ba su zauna wuri ɗaya ba. A majami'a Baba yana gaba tare da dattawa, mijina yana can baya kusa da ƙofa, ana cewa amin ya fice.

Dole in faɗi gaskiya, ni ma bayan mijina na bi. Na ga yadda ya rame. Wata rana na kai wa Baba abinci na ce, "Baba, da ka kira shi gefe ka yi masa magana, da ba a kai haka ba."

Ya daɗe yana tari kafin ya amsa. Ya ce, "Gaskiyarka, Amarya. A nan na yi kuskure. Amma da na tsaya neman gefe, su suna ta shaƙa."

Tarin nan mun ɗauka na tsufa ne. Da damina ta sauka sai numfashi ya fara gagararsa, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya dafa bango. Mama ta aika wa mijina cewa ko yana fushi ko ba ya yi, ya kawo mota. Muka tafi asibiti a Jos mu uku. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya nuna mana. Ya tambayi sana'arsa, ya gyaɗa kai, ya ce ƙurar dutse ce ta shekaru ta taru a huhu, kuma ba ta fita. Da ya ji mijina yana aikin kwaz, ya juyo ya ce masa ƙurar wannan ta fi ta sauran saurin yin ɓarna, kada ya kuskura a yanka shi babu ruwa.

A hanyar dawowa, bayan mun sauko daga kan tudu, mijina ya tsayar da mota a gefen titi, ya fita ya tsaya bayanta. Ina ganinsa ta madubi, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya bari ya ɗan jima, sannan ya sauke gilashi ya kira shi da sunan da yake kiransa tun yana goye. Ya ce, "Shigo mu tafi. Mamanka yana jira." Iyakar sulhun da aka yi ke nan, kuma ya wadatar.

Abin da ya yi bayan nan shi ne abin da na fi alfahari da shi. Ya sa babban ma'aikacin ya zaga gari ya kira duk mai yanka dutse ko tayil, har da waɗanda suke kishi da shagonmu. Ran Lahadi bayan sujada suka zo, sun kai goma sha biyar, Kirista da Musulmi, suka zauna a tsakar gida. Mama ba ta so ba, ta ce mutum ba ya tallar ciwonsa. Ya ce wannan ciwon na talla ne.

Bai yi musu wa'azi ba. Ya tashi daga kujera, ya taka zuwa ƙofar gida, ya dawo ya zauna. Taku bai fi ashirin ba. Sannan ya yi shiru ya bar su su ji yadda numfashinsa yake fita, kamar ana jan zarto a cikin ɗanyen itace.

Da ya samu magana ya ce, "Kun ji? Wannan ba tsufa ba ne. Yayana ya girme ni da shekara bakwai, yana gonar citta yanzu haka. A tarazo da ruwa muke gogewa. Da na koma giranayit, na yi shekaru ina yanka a bushe, don ban sani ba. Babu wanda ya gaya mini. Ku yanzu an gaya muku."

Wani ya ce, "Baba, takunkumin nan zafi gare shi, ruwa kuma yana ɓata inji."

Ya ce, "Ana sayar da inji a Kaduna. Ka nuna mini inda ake sayar da wannan." Ya dafa ƙirjinsa.

Sai mijina ya miƙe, ba tare da kowa ya sa shi ba. Ya ce, "Ni na sa mutanena suka yanka kwaz a bushe, duk kun ji labarin. Baba ne ya hana ni, na yi fushi da shi wata biyar. Duk mai son ganin yadda muke haɗa tiyo da inji ya zo shago gobe, zan nuna masa." Na dubi Baba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa, amma na ga fuskarsa.

Ba zan ce duka suka ji ba. Har yanzu akwai masu yankan da za ka wuce ka ga farin hayaƙi yana tashi. Amma shaguna da dama sun ajiye durom ɗin ruwa a bakin ƙofa, kuma in ka tambaya za su gaya maka daga gidan wa suka ɗauko.

Akwai ƙorafi ɗaya da Mama ta daɗe tana yi. Ita ba ta son girkin gas, a murhu take dafa abincinta a bayan gida, tana yanka kuɓewa a tire bisa cinyarta. Takan ce mijinta ya yi wa rabin matan Kafanchan wurin yanka albasa, ita ko guntu bai taɓa kawo mata ba. Kullum amsarsa ita ce, "Naka yana zuwa."

Mako guda kafin ya huta, ya ce mijina ya kai shi shago. Aka ajiye masa kujera a waje, nesa da injin, aka lulluɓe shi da bargo. Mijina ya fito da wani farin kwaz mai kyau da ya ɓoye. Baba ya girgiza kai.

"Ba wannan ba. Tukunyar mamanka daga wuta yake sauka. Kawo baƙin giranayit ɗin can."

Mijina da kansa ya yanka, babban ma'aikacin yana riƙe da tiyo. Kwana uku suna kai Baba shago suna dawo da shi. Gefen kawai sau huɗu yana sa a sake gogewa. Aka yi wa dutsen gajerun ƙafafu na ƙarfe, ran Asabar aka kawo shi aka ajiye kusa da murhu.

Mama ta fito ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Sai yanzu?"

Ya ce, "Aiki ne ya yi yawa."

Ta yi tsaki, ta juya ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Da yamma ta yanka alayyafo da yakuwa a kansa, ta yi gwate. Baba ya sha cokali uku, ya ce gishiri ya yi daidai. Kwana uku bayan nan ya tafi wurin Ubangijinsa, Mama tana riƙe da hannunsa, mijina yana karanta masa Zabura.

Bayan an yi jana'iza baƙi sun watse, na zaga bayan gida da safe in ɗebi ruwa. Na sami Mama zaune a kujerarta gaban teburin, ba ta hura wuta ba, tana goge shi da bakin zanenta. Na gaishe ta, na tambaye ta ko ta samu barci. Ta jawo hannuna ta ce in zauna.

Ta ce, "Ni ce ta ƙarshe a layi, 'yata. Amma ki zaga garin nan gida-gida ki duba. Babu matar da ya yi wa irin nawa."

Allah ya ba shi hutawa a wurinsa, ya riƙe mana Mama.